Wa Ya Kai Su Gidan Mari?

Ranar Alhamis, 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, wannan babbar unguwa da ke yamma da garin Kaduna, inda tashar jirgin ƙasan Abuja take. Gidan kuwa da sunan makarantar addini aka san shi. Da aka buɗe ɗakuna sai aka tarar da mutane fiye da 300 a cushe, yawancinsu yara da samari, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da sarƙa, waɗansu kuwa an ɗaura musu ƙarfen ƙafar mota, duk inda za su sai sun ja shi. Aka duba bayansu, sai ga tabon dorina ko'ina, sabon miki bisa tsoho. Ban da 'yan ƙasar nan, har da waɗanda aka kawo daga Burkina Faso da Mali da Gana. Kwamishinan 'Yan Sanda na lokacin, Ali Janga, ya shaida wa 'yan jarida cewa ban da duka da horon yunwa, akwai yaran da suka ce an yi lalata da su. Aka kama mutum bakwai, aka kwashe yaran aka kai su filin wasa na Ranchers Bees, daga can aka wuce da su sansanin alhazai na Mando.

Kafin gari ya waye labari ya game duniya. A shagunan shayi na Tudun Wada, da tashar Kawo, da ƙofofin masallatai, ba abin da ake yi sai tsine wa masu gidan. To, wannan daidai ne, don wanda ya ɗaure ɗan mutum kamar jaki bai cancanci a sassauta masa ba. Amma fa akwai wata tambaya wadda masu tsinuwar suka yi ta kewaye ta kamar yadda ake kewaye rijiya da dare, ita ce, wa ya kai yaran nan wurin? Ba a ji an ce tare su aka yi a hanya aka sace ba. Ubanni ne da kawunnai da yayye suka biya kuɗin mota, suka riƙo hannun yaro har ƙofar gidan, suka miƙa shi, suka biya kuɗin ajiya, sa'an nan suka koma gida suka yi barci. Har ma bayan da asiri ya tonu, an sami iyayen da suka fito suna ƙorafin don me za a rufe musu wurin da ke gyara musu 'ya'ya.

Da gida ɗaya ne, da sai a ce wani azzalumi ne ya ɓuya a bayan rawani. Ashe ba haka ba ne. Cikin watan Oktoba aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya, aka kuma komo Rigasar nan dai aka fitar da mutum 147 daga wani gidan, har da mata. A Ilori aka sami 108, a Badun 259. Kafin shekarar ta ƙare, waɗanda aka kwance wa mari sun kusa 1,500. Abin da ya kai wannan yawa ba ɓoyayye ba ne. Maƙwabta suna jin kuka ta kan katanga, masu unguwa sun san da gidajen, kuma kalmar nan "gidan mari" ta daɗe a bakin Hausawa, har uwa takan tsorata ɗanta da ita idan ya ƙi aike. Watau dai al'ada ce da jama'a suka yarda da ita, suka riƙa ciyar da ita da kuɗinsu da 'ya'yansu.

Lalle ne a saurari hujjar iyaye, don ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne, kuma yawancinsu sai da suka zubar da hawaye kafin su yanke shawara. Sukan ce yaro ya kangare, ba ya jin magana, yana sace kayan ɗakin uwarsa ya sayar, yana shaye-shaye, ya zama abin kunya a dangi. Wannan ba ƙarya ba ce. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye cikin shekara guda. A watan Mayu 2018 sai da gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda samari da 'yan mata suka mai da shi kamar kunu. Uban da ya ga ɗansa yana layi a bakin kwata tsakar rana, zuciyarsa ba za ta zauna lafiya ba, wannan kowa ya sani.

Sai dai kangara ba daga sama take faɗowa yaro ran da ya cika shekara goma sha biyar ba. Tana da mafari, kuma wanda ya bi sawunta a hankali sau da yawa sai ya ga ta kai shi har cikin gidan da aka haifi yaron. A ɗauki misalin magidanci mai neman abinci a Babbar Kasuwa, ko a Panteka, ko mai tuƙa mota daga Kawo zuwa Kano. Yana sallame asuba ya fita, ba ya komowa sai bayan lisha, ya ci tuwo, ya fita majalisa hira, ya dawo yara sun yi barci. Uwa tana ɗaki ɗaya na haya da 'ya'ya bakwai, ga goyo, ga ƙullin gyaɗa ko awara da take yi don ta cike kuɗin cefane. Yaro namiji da ya kai shekara bakwai ya fi ƙarfin ɗaki, sai a ce ya tafi waje. Waje kuwa yana da malamansa, ga na gidan kallon ƙwallo, ga na bakin kwalbati, kuma su ba sa gajiya da sauraron yaro. Shekara takwas yana hannunsu. A cikin shekarun nan takwas, in za a tara maganar da ubansa ya yi da shi, ba za ta cika yini guda ba, ita ma rabinta tsawa ce. Ran da abu ya ɓaci, sai uban ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, alhali kuwa abin da ya yi shi ne ciyarwa, ciyarwa kuma ko mai kiwon tumaki yana yi.

Talauci gaskiya ne, ba kuma wanda zai ce magidanci ya bar kasuwa ya zauna gadin yara. Amma sa'a biyun nan da ake ɓatarwa a majalisa ana gardamar siyasa da ƙwallon Ingila ba talauci ne ya ci su ba. Haka nan wanda ya ƙara aure alhali na farin bai iya riƙonsa ba, ko wanda ya saki mace ya bar 'ya'yanta a hannun kishiya suna cin ragowa, ba shi da bakin da zai ɗora wa gwamnati laifi. Mai son ya san tushen kangarar yaro, ya fara tambaya ko uwarsa tana gidan.

Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a da ke hana uba kusantar ɗansa, watau ganin cewa wasa da yaro ko hira da shi zubar da girma ne. Kunyar ɗan fari abu ne da aka gada, yana da kyansa a zamanin da gida yake cike da kakanni da baffanni da gwaggwanni, waɗanda in uba ya kau da kai su za su ja yaro a jiki. A ƙauye yaro na kowa ne. Amma Kaduna gari ne na baƙi, wanda Turawa suka kafa, kowa da inda ya fito. Wanda ya zo daga Funtuwa ko Haɗeja ya kama haya a Hayin Banki, ya baro kakannin a gida, ya taho da kunyar kaɗai. Sai ya zamana ba uba, ba kaka, ba baffa.

To, sai makaranta. Uba yakan ce ai ya sa yaro a boko da safe, Islamiyya da yamma, saura kuma aikin malamai ne. Bari a duba hannun da ya miƙa wa amanar. A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Mutum 21,780 suka kāsa cin 75 bisa 100, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta ce ba a yi jarrabawar bisa ƙa'ida ba, har ta tafi yajin aiki a watan Janairu 2018, kuma mai adalci zai yarda cewa a cikin waɗanda aka kora akwai waɗanda tsautsayi ne ya hau kansu. Duk da haka, ko an rage rabin adadin nan, abin da ya saura ya isa ya hana mai tunani barci. Ciwon kuwa tsoho ne. Tun 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi wa makarantu ambaliya, aka shiga horar da malamai da gaggawa, a shekarar ce ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna don ta cike giɓi. Daga baya koyarwa ta zama aikin da ɗan siyasa ke saka wa yaransa da shi.

Abin lura a nan shi ne dangantakar jahilcin malami da bulalarsa. Malamin da ya san abin da yake koyarwa yana murna da tambaya, don ita ce ke nuna masa inda aka tsaya. Wanda bai sani ba kuwa tambaya tonon asiri ce a gare shi, saboda haka mai yawan tambaya shi ne mai yawan shan duka. A haɗa wannan da ajin da yara suka cika shi maƙil, waɗansu a ƙasa, waɗansu a taga, yadda malami ba ya ko iya riƙe sunayensu, sai a ga ba abin da ya rage masa na sarrafa su sai tsumagiya. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ba ya iya zama shiru, shi ne farkon wanda zai tsani wurin. Ya fara makara, a dake shi saboda makara, ya daina zuwa don tsoron dukan, ya riƙa fita da kayan makaranta da safe yana laɓewa a kango har a tashi. Uban kuwa, wanda bai taɓa taka ƙofar makarantar ba tun ran da ya kai shi, bai san sunan malamin ajinsa ba, bai taɓa cewa a kawo littafi ya gani ba, sai bayan shekara biyu zai ji labari a bakin maƙwabci.

Ran da ya ji, maganin da ya sani ɗaya ne, shi ne wanda aka yi masa yana yaro. Ya yi duka da hannu, bai yi ba. Ya yi da wayar wuta, bai yi ba. Maimakon ya tsaya ya ce watakila maganin ne ba na ciwon ba, sai ya ce ƙarfinsa ne ya yi kaɗan, bari a nemi wanda ya fi shi hannu. Ta haka ake isa Rigasa. Gidan mari ƙarshen hanya ne, mafarinta kuwa tsumagiyar nan ce da kowa ke gani ba komai ba.

Masu kāre duka sukan jawo karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma su je su ga yadda mai yin kwando ko mai ɗaurin baka yake yi. A hankali yake bi, yana lallashi, yana jiƙawa, yana saurarawa, don ya san in ya yi gaggawa iccen zai karye a hannunsa, karyayye kuwa ba ya komawa. Waɗansu kuma sukan ce duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Mai wannan magana a tambaye shi a wane littafi ya gani.

Tun da da sunan addini aka buɗe gidajen nan, dole ne a auna su da ma'aunin addinin. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labari cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba, balle duka. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Malaman Malikiyya na Ƙairawan, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun yi wa malamin yara iyaka tun fiye da shekara dubu. Ibnu Haldun, masanin nan da aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kawo a cikin Muƙaddima cewa Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, bai yarda malami ya wuce bulala uku ba, in ma dukan ya zama tilas. Shi kansa Ibnu Haldun ya keɓe fasali guda a kan cutarwar da tsanani ke yi wa almajiri, inda ya nuna cewa yaron da aka rena da ƙuntatawa yakan rasa kuzari, ya koyi ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa, har abin ya zame masa hali. Wanda ya karanta Risala, sa'an nan ya saya wa ɗan mutane mari a wurin maƙeri, ba shi da mafaka a cikinta. Kuma kada a bari masu gidajen nan su laɓe a bayan makarantun allo. Alarammomi nawa ne a Unguwar Sanusi da Badarawa da Rigasar kanta suka yaye mahaddata ba tare da sun ɗaure kowa ba? Su ne ma ya kamata su fi kowa fushi, don sunansu aka ɓata.

Abin da Ibnu Haldun ya faɗa, kowane uba yana iya gwada shi a gidansa. Yaron da ake duka saboda ya fasa kwano ba ya daina fasa kwano, ɓoye fasasshen yake koya. Wanda aka daka don an ji warin taba a bakinsa, gobe sai ya sayi alewa ya tsotsa kafin ya shigo. Duka yana hana laifi a gaban mai dukan kaɗai. Ga kuma wata babbar hasara, yaron da ya san bulala ke jiransa ba zai taɓa zuwa ya ce, "Baba, abokaina sun ba ni wani abu na sha," ko kuwa, "Wani babba yana kirana ɗakinsa," ba. An toshe ƙofar da labari zai shigo tun ana iya magance shi.

Wanda ya koyi karatu da girma, a ajin yaƙi da jahilci, shi ya fi kowa cancantar ya gane wannan, don shaidar tana jikinsa. Ya zauna a benci da furfura a gemu, hannu ya sandare da aiki, fensir yana kufce masa, ya rubuta baƙi a juye sau goma. Wa ya dake shi? Malamin ajin, wanda sau da yawa sa'an ɗansa ne, haƙuri ya yi da shi, ya kama hannunsa, ya yaba masa ran da ya fara rubuta sunansa. Da an zage shi sau ɗaya gaban jama'a, da bai sāke komawa ba, ya kuwa san haka. To, in ƙwaƙwalwar ɗan shekara arba'in ta buɗe da lallashi, ta yaya za a ce ta ɗan shekara takwas ba ta buɗewa sai da dorina? Bambancin kawai shi ne babba yana da ikon ya tashi ya tafi, yaro ba shi da shi. Karatun nan da aka samu kuwa yana da aiki a gida tun yau: mai shi yana iya buɗe littafin ɗansa ya ga ko malami yana dubawa, yana iya karanta sakamakon jarrabawa da kansa, yana iya zuwa taron iyaye da malamai ya yi magana.

Saura hujja ɗaya ta iyaye, ita ce mafi ƙarfi. Sukan ce, to, wanda ya riga ya lalace, ko wanda hankalinsa ya taɓu, ina za a kai shi? A nan kam gwamnati ba ta da ta cewa. A 2019 likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane wajen miliyan 200. Gidajen horon yara na Gwamnatin Tarayya uku ne kacal a lokacin, Kaduna da Ilori da Abekuta. Jihar Kaduna ta yi dokar kāre yara tun 2018, shekara guda kafin a shiga gidan Rigasa, amma doka a takarda ba ta leƙa ɗaki. Dokar kula da masu taɓin hankali kuwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta zamanin Turawa, sai a Janairu 2023 aka sa mata hannu. Hukumar da ta rufe gidan mari ba ta buɗe wani wuri a madadinsa ba, ta sani cewa wani zai buɗe a lungun da ba ta gani.

Duk da haka mutumin Kaduna ba shi da uzurin da mutumin ƙauye mai nisa yake da shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Barnawa, gada ɗaya ce tsakani. Shaye-shaye in ya kama jiki ciwo ne, yana da likita, yana da magani, haka nan taɓin hankali da farfaɗiya. Abin da ke hana mutane ƙetare gadar sau da yawa ba kuɗi ba ne, tun da gidan mari ma ba kyauta yake karɓa ba. Kunya ce, kada a ce ɗan wane yana asibitin mahaukata. In an kai shi wurin malam kuwa, ko an tambaya sai a ce ya tafi karatu. Watau an zaɓi abin da zai rufa wa uba asiri, an bar abin da zai warkar da ɗa.

A sansanin alhazai na Mando, hukuma ta yi shela cewa iyaye su zo su karɓi 'ya'yansu. Suka yi ta zuwa daga garuruwa dabam dabam, aka duba shaidarsu, aka kwance abin da ya saura na ƙarfe, aka miƙa wa kowa nasa. Yaron da aka shigo da shi Rigasa a hannun ubansa, a hannun uban nan dai ya fita daga Mando, suka hau mota ɗaya, suka koma gidan da aka fara.